Azumin da Anka Taya Ni Buhu Biyu

Azumi ya zagayo, ya sake faɗowa cikin zafi. Bana tun da hantsi kujerar moto, babur ɗin hayata, take ƙona cinya. In na ɗauki mutum daga kasuwar albasa na kai shi bakin gada, kafin in juyo leɓena ya tsage. Yaran yanzu sai ƙorafi, wai ba a taɓa ganin irin wanga zafi a Malanville ba. An gani. Ni na gan shi shekara talatin da wani abu baya, kuma lokacin babu galas, ƙanƙarar nan ta cikin leda, babu panka, in an kira salla abin da uwarka ta iya haɗawa shi za ka sa a baki.

Ban yi niyyar tuna wancan azumin ba. Yara ne sunka tono.

Shekaranjiya bayan la'asar ina zaune bisa bencin da ke gindin darbejiya, kusa da kasuwar shanu, na kafe moto don babu fasinja. A gefena Hamadu ne, Bafillace, dillalin shanu, wanda na sani tun ba mu da gemu. Sai ga Mustafa ɗan ƙanwata, shi ne kapiten na ekip ɗin ƙwallon unguwarmu yanzu. Ya durƙusa ya gaishe mu.

"Kawu, shawara ta kawo ni."

"In ta aure ce, tashi. Ban gama da nawa ba."

"Ta ƙwallo ce. Ka san Nasiru, golanmu na biyu? Wata ekip ta Kandi tana son shi. Sun ce in mun sake shi za su ba mu mayo, rigunan wasa sabbi, da takalma, shi kuma su sama mashi aiki can. Mun rabu biyu. Wasu sun ce a karɓa, tunda ba ya wasa, benci kawai yake ɗumamawa. Wasu sun ce in wani abu ya samu gola na farko fa? Shi ne anka ce in zo wajenka."

"Don mi wajena?"

"An ce kai ka san abin."

Hamadu ya tuntsire da dariya har sandarshi ta faɗi. "Ya sani mana! Yaro, ba ka san sunan kawunka na gaskiya ba? Buhu Biyu!"

Sunana Idi. Amma duk wanda ya kai shekaruna a garin nan, in ka ce Idi sai ya tambaye ka wane Idin. In ka ce Buhu Biyu, har gida zai kawo ka.

Waccan shekara damina ta yaudare mu. Ruwa ya fara da kyau, hatsi ya tashi har gwiwa, sannan hadari ya riƙa haɗuwa yana watsewa ba ɗigo. Hatsin ya yi ja, ya bushe a tsaye. Abin da munka yanka a gidanmu bai rufe gindin rumbu ba. Babana ya riga ya rasu, daga ni sai Inna sai ƙannena mata. Kogi ma ya ja baya da wuri. Kafin azumi yashi ya fito tsakiyarshi fari fat, masunta suna jan jirgi da hannu a inda da can suke tuƙi. Duk mai ɗan fili a fadama ya koma ga albasa, don ita kaɗai ta rage da za a sayar a sayi hatsi.

Yanzu yaro zai ja igiyar motopom, injin ban ruwa, ya zauna yana danna waya, ruwa na bin fangali da kanshi. Mu ƙwarya ce. A haƙa rami har a tarar da ruwa, ka sauka ka tsaya cikin laka, ka cika ƙwarya ka miƙa sama, na bisa ya karɓa ya watsa. Haka har garkar albasa ta sha. Mutum ɗaya ba ya iyawa, shi ya sa muke gayya, kuma gayyarmu ita ce ekip ɗinmu.

Kawu Garba ne ya haɗa abin haka. Ba kawun kowa ba ne, mai gyaran keke ne a bakin kasuwa, gajere, mai yawan shiru, amma shi ke da balo, ƙwallon fata guda da ke unguwar, don haka maganarshi doka ce. Ya ce wanda ya shiga ekip ya shiga gayya. Yau garkar gidan wane, gobe ta gidan wane. Wanda ya shiga zagayen ba ya fita sai an tone albasa, sai dai in Kawu da jama'a sun sake shi. Shekarar da babana ya rasu su sunka riƙe garkarmu, ban manta ba. Akwai kuma doka ta biyu, wadda ta fi ci mini rai. Ranar wasa gola ba ya taɓa ƙwarya, don kada hannunshi ya mutu. Golan da ke zaune shi ke ɗaukar rabonshi.

Gola na farko Hamadu ne. Fulani ba su noman albasa, amma ya shiga zagayen kamar kowa, garkunanmu kuma suna samun taki daga garken babanshi. Dogo ne, hannuwa har gwiwa, ba ya ciwo, ba ya zazzaɓi, ko mura ban taɓa jin ya yi ba. Ni ne na biyu. Shekara biyu ina zaune bisa wani kututturen giginya a gefen fili, har wurin zamana ya yi santsi. Da safe in yi aikina in yi nashi, da yamma in zauna in kalle shi yana shan tafi.

Ga yadda yini yake tafiya. Inna ta tashe ni sahur, in akwai ɗumamen tuwo to, in babu a jiƙa garin rogo da ɗan gishiri. In sha ruwa har cikina ya yi ƙara in ina tafiya. Daga masallaci sai fadama, kafin rana ta fito mun sauka rami. Ban san azabar da ta kai ta mai azumi da ke tsaye cikin ruwa ba. Ruwa a ƙafarka, ruwa a ƙirjinka, kowace ƙwarya ka ɗaga sai ta zubo maka a fuska, ga sanyinshi a leɓe, kai kuwa sai tofarwa. Sule, kapiten ɗinmu, yana bisa yana karɓa yana tsokana.

"Idi, na ga maƙogwaronka ya motsa."

"Gumi ne."

"Gumi ake haɗiya a gidanku?"

In hantsi ya ɗaga mu watse. Tsakar rana garin ya mutu. Awaki su lafe jikin bango, ƙasa ta ƙi takuwa, in jiƙa zanen Inna in rufa a zaure, kafin in juya ya bushe. Inna da 'yan matan suna tsinkar zogale a inuwa ba mai magana, don magana ma yawu take ci. Bayan la'asar mu haɗu a fili. Mai hankali zai ce mahaukata ne kawai ke bin balo da azumi cikin wannan zafi da yunwa. Gaskiyarshi. Amma awa ɗayan nan ita kaɗai ce a yini da ba ka tuna cikinka.

Shan ruwa tare muke yi a gindin tsamiyar bakin fili. Kowane gida ya aiko abin da ya samu. Kunu ya yi ta tsinkewa kullum, har ya kai kana hango gindin ƙwarya ta cikinshi. Kopto, kwaɗon zogale, wani lokaci da ƙuli, sau da yawa gishiri kawai. Hamadu yana zuwa da nono a gora. Farkon azumi gorar cike take, kowa ya samu kurɓi. Tana tafe tana raguwa. Mu dai mita muke, muna ce mashi marowaci. Kawu ne kaɗai yake ɗaga gorar ya jijjiga, ya dubi Hamadu, ya ajiye ta.

An sa gasa a shekarar tsakanin unguwanni da ƙauyuka, final washegarin Salla. Cikin goman farko muna da wasa da Garou, sai Hamadu bai zo ba, wata saniyarsu ta kafe a lakar bakin kogi, ƙarfin tashi ya gagare ta. Kawu ya dube ni kamar mai duban tsohuwar taya, ya ce in shiga. Anka ba Garou penalti. Gaskiya ban ga balo ba, na dai faɗi gefe guda, ya same ni a fuska, hancina ya fashe. Mutane sunka yi ta ihu wai na tare. Kafin a juya fili Hamadu ya iso, na koma kututturena ina toshe hanci da tsumma.

Ashe akwai wani Alhaji mai kamyo, babbar motar kaya, daga Guéné da ke kallo daga cikin motarshi. Shi ma yana da ekip, yana ciyar da su, abin da ya rasa gola. Kwana kaɗan sai ga shi a rumfar Kawu. Ya ce a ba shi ni. Zai ba ekip buhu biyu na hatsi da mayo, ni kuma in zama golanshi na farko, in riƙa bin kamyonshi ina koyon tuƙi, ci da sha a gidanshi. Amma ya ce ba zai ɗauki yaro daga cikin gayya ta bayan gida ba, sai in an sake ni, kada a ce ya yi sata.

Buhu biyu na hatsi a wannan shekara! Wanda bai ga yunwar ba ba zai gane ba. Ranar ban ji ƙishi ba. Na riga na ga kaina bisa kamyo, iska na duka na, har Parakou, har Kutonu. Na ga Inna da baki ɗaya ya ragu a tukunyarta, ga kuma rabonta na hatsin.

Da yamma bayan mun sha ruwa, Kawu ya faɗi maganar. Wurin ya kaure. Sule, wanda gidansu ya fi kowa baki, ya tashi tsaye.

"Mi za a tsaya shawara? Idi, ba don ba mu son ka ba, amma kututture ba ya buƙatar mai gadi. Hamadu ko aljani bai kada shi. A karɓi hatsi."

"A karɓa!" in ji sauran. Wani ya ce tun yau a aika, kada Alhaji ya farka ya gane da fuska anka tare penaltin. Ni ma ina dariya, ina cewa a karɓa. Hamadu kaɗai ya sunkuyar da kai yana zane a ƙasa da tsinke. Na ɗauka kishi ne.

Al'adarmu Kawu ke magana a ƙarshe. Ya kurɓi kunu, ya goge baki.

"Idi ba ya tahiya."

"Don mi, Kawu?"

"Ba ya tahiya."

"Kawu, hatsi ne fa. Ba mayo muke ji ba, hatsi."

"Na ji. Wanda ke son hatsin ya je ya karɓo, in ɗauki balona in koma gyaran keke. Amma ni da bakina ban saki Idi ba."

Ba dalili, ba bayani. Sule ya zauna yana huci. Can ya ce wa Kawu, murya ƙasa, "Tunda munka fara ba ka taɓa sa mu a rami ka tsere ba. Ban gane ba, amma shi ke nan." Ɗaya bayan ɗaya sunka yarda. Ba wanda ya juyo ya tambaye ni mi nake so. Ko mutum ɗaya.

Na isa gida ina ƙuna. Na ce wa Inna gobe zan tafi Guéné da ƙafata, ko an sake ni ko ba a sake ni ba. Tana kwashe toka a murhu, ba ta ɗago ba.

"Su wa sunka ba garkar ubanka ruwa shekarar da ya kwanta?"

"Su ne, Inna. Amma yunwa..."

"Ni ka ke faɗa wa yunwa? In ka fita zagayen nan ba da izini ba, da wane ido zan bi ta ƙofar gidan su Sule? Zauna."

Na zauna. Alhaji ya ɗauki wani yaro daga Garou, Ɗanjuma. Yau Ɗanjuma yana da kamyo nashi na kanshi, ba ɗaya ba. In ya shigo gari ni nake kauce mashi da motona. Kada wani ya ce mini hakan ba komi. Da komi.

Daga ranar sunana ya canja. Uwayen yaran sunka ji labari, sunka yi ta zagin Kawu a bakin rijiya, wai an bar hatsi saboda mai zaman kututture. In na wuce sai a nuna ni, ga wanda anka ƙi sayarwa. Su kuwa 'yan ekip, haushinsu wasa ya koma. In an kira salla ni ake fara miƙa wa ƙwarya.

"Sha, Buhu Biyu. Kada ka rame, kai ne rumbunmu."

"Ku kama shi a hankali wajen sauka rami, in ya fashe hatsi zai zube."

Sule kullum sai ya matsa mini cinya ya ce yana duba ko ɓera ya shiga. Ina jin haushi, ina kuma sha, don ƙishi bai san fushi ba. Amma na daina gaida Kawu da baki, sai da kai. A raina na gama yanke cewa don ƙwarya ya riƙe ni, yana son jakin da zai yi aikin Hamadu da safe.

Goman ƙarshe ta fi kowace wuya. Ruwan ramuka ya yi ƙasa, sai an ƙara haƙa, abin da ke fitowa rabi laka ne. Iska in ta taso kamar daga bakin tanderu. Albasa ta nuna, munka fara tonewa, sai ga kowa ya kawo tashi kasuwa lokaci guda, 'yan saye suna taya ta kamar suna yi maka alfarma. Duk da haka muna ta cin wasa. Hamadu ya zama bango, ban taɓa ganin ya tsare raga kamar a kwanakin nan ba, kamar mai biyan wani abu. Munka kai final. Abokan karawa kuwa Guéné, ekip ɗin Alhaji.

Ana jibi Salla, da safe, Kawu ya ce in je ruga in kira Hamadu, bai zo fadama ba. Rugarsu tana can bayan gari wajen hanyar Garou. Tun daga nesa na ji wurin ya yi shiru, ba kukan maraƙi, ba hayaƙi. Na isa na tarar da turaku a kafe, kashin shanu, toka da sauran ɗumi, da zagayen da bukkoki sunka bari a ƙasa. Sawun garke ya miƙe kudu. A reshen wata aduwa an rataye baƙar rigar golan nan mai dogon hannu, wadda tela ya cusa wa tsumma a gwiwar hannu. Ita kaɗai sunka bari.

Na kawo rigar rumfar Kawu, na jefa a gabanshi.

"Sun tashi."

"Na sani."

"Tun yaushe ka sani?"

Ya ci gaba da ɗaure spok ɗin tayar keken da ke hannunshi. Ya ce tun kafin azumi baban Hamadu ya kawo keke a gyara, ya ce a ƙara mashi ƙarfi don doguwar tafiya. Ciyawa ta ƙare, shanu sun fara faɗuwa, in ba a yi ruwa ba kafin Salla za su yi kudu. Ranar kuwa ko ɗanshi bai faɗa wa ba. Bafillace ba ya shelar ranar tashi, ba ya bin gida gida yana sallama. Baki yana bin dukiya, in ji su, ga kuma masu jiran garke a hanya. Ya faɗa wa Kawu ne kawai don kunyar yadda ɗanshi zai bar mu, ya kuma roƙe shi amana.

"Da ka faɗa mana, Kawu."

"Da na faɗa wa Sule, da uwarshi ta ji. Da ta ji, da bakin rijiya ya ji." Ya ɗago ya dube ni. "Gwada rigar."

Ta yi mini yawa. Sai da na naɗe hannun.

Washegarin Salla gari duka ya zo fili. 'Yan Guéné sunka sauko daga kamyo da mayo ja sabbi, irin waɗanda anka yi mana alkawari, kumatu cike, Ɗanjuma a raga. Mu kuwa kowa da tashi rigar, wasu babu ma, sai Kawu ya ce a cire duka don arbit, alƙalin wasa, ya iya bambancewa. Ni kaɗai ke da riga.

Abin da ban taɓa sani ba ina bisa kututture shi ne, daga gefe fuskoki kake gani. Daga raga kuwa baya kake gani. Da arbit ya busa, na ɗaga kai, sai ga bayan mutum goma a gabana, ba riga, haƙarƙari a fili, kafaɗu duk ƙwarya ta cinye su. Ga bayan Sule, ƙashin tsakiya kamar igiyar da anka ƙuƙƙulla. Waɗannan su ne sunka bar buhu biyu ya wuce su. Ba wanda ya waiwayo ya duba ko ina nan. Sun san ina nan.

Kada ku jira in ce na yi abin mamaki. Na tare wasu. Ɗaya na fita na kwashe daga ƙafar mutum har ya taka mini yatsa, yatsar ga ta nan a karkace har yau. Ɗaya ta wuce ta tsakanin ƙafafuna, wadda ko ƙanwata za ta tare. Sule ya rama. Ana gab da tashi sunka ƙara, a kusurwa, inda hannun Hamadu zai kai, nawa bai kai ba. Sunka ci mu biyu da ɗaya.

Na zauna a raga na ƙi tashi. Ina jiran a ce ga amfanin Buhu Biyu, ga shi babu hatsi babu kofi. Sai Sule ya zo ya tsaya a kaina, yana haki.

"Tashi, rumbu. Da ba ka nan wa za mu sa, Kawu? Da goma za su zuba mana."

Sunka ɗaga ni, wani ya riƙe hannu wani ya riƙe ƙafa, sunka nufi tsamiya da ni suna waƙar masu dako, wai a ba su hanya kaya ya yi nauyi. Muna nan hadari ya haɗu daga gabas, iska ta juya ta yi sanyi, anka yi yayyafi kaɗan, wanda bai ko jiƙa ƙasa ba sai dai ya tada ƙamshinta. Munka buɗe baki sama kamar 'yan tsaki.

Yunwar ba ta ƙare ranar ba, sai da ta kai mu har sabon hatsi. Tsakiyar damina wani mudun hatsi ya riƙa shiga gidajen 'yan ekip, ba a faɗin daga ina. Sai da munka lura mai gyaran keke yana zuwa kasuwa da ƙafa, sannan munka gane kekenshi ya sayar. Ba mu yi mashi maganar ba, shi ma bai yi ba har ya koma ga Allah. Hamadu kuwa sai bayan shekara uku ya dawo, shanun sun ragu, shi ya ƙara tsawo. Ya zo fili ya miƙo hannu, na cire rigar na ba shi, na koma kututture.

Duk wannan ya bi ta kaina Mustafa yana durƙushe yana jira.

"Shi Nasirun kun tambaye shi?" na ce.

Ya sosa ƙeya. "Ai maganar ekip ce, Kawu."

"Haka anka ce mini ni ma. Ku sake shi. Yaro ya samu hanya, ku bar shi ya bi, kada ya tsufa bisa moto yana kauce wa kamyon wani."

"Kaɗo ba ya da hankali," in ji Hamadu. "Ku riƙe abinku. Gola na farko kullum yana da inda za shi, bai dai faɗa muku ba."

"Kai ka sani, tunda kai ne ka gudu."

"Ban gudu ba, shanu na bi. Na bar maka riga."

"Rigar da ta yi mini yawa."

"Laifin riga ne ka tsaya gajere?"

Mustafa yana kallon wannan yana kallon wancan. "To wanne zan faɗa masu?"

Rana ta yi ƙasa, masu galas sun fara kai da kawowa, ƙamshin ƙosai ya taso daga bakin hanya.

"Kuna da wasa bayan Salla?"

"Akwai, Kawu."

"To ku ce wa mutanen Kandi su dakata har a yi shi. Ku sa Nasiru a raga, tun farko har ƙarshe, ko za a zuba muku goma. Ya tsaya ya ga bayanku sau ɗaya. Bayan nan ku tambaye shi, shi da bakinshi. In ya ce zai tahi, ku raka shi har tasha, kada wanda ya ɓata rai. Mayon kuwa ku karɓa, kada ku yi wauta irin tamu."

Mustafa ya yi godiya ya tashi. Hamadu ya bi shi da kallo, sannan ya zungure ni da sanda.

"Kai da ka ga bayan namu, ai an tone albasa, an sake ka. Mi ya hana ka tahiya?"

"Alhaji ya riga ya cike gurbi."

"Alhaji ɗaya ne a duniya?"

Wani ya ƙwala wa Hamadu kira daga cikin kasuwa, ana gardamar wani bijimi. Ya tashi yana kakkaɓe riga.

"Tsare mini wurin, Buhu Biyu. Kada wani ya zauna."

"Tafi can. Aikin kenan tun ina yaro."

Na ja motona inuwa, na sayo galas na mutum biyu, na ɗora hulata a inda ya tashi.